Tarihin Zazzaɓi: Yadda Aka Gano Asalin Zafin Jiki da Cututtukan da ke Haddasa Shi

Gabatarwa

Da wuya a sami gidan da zazzaɓi bai taɓa shiga ba, shi ya sa Hausawa suka tanadar masa sunaye. Mutumin Kano kan ce zazzaɓi, na Sakkwato da Maraɗi da Tawa kuma ya fi sabawa da masassara. Wani lokaci akan danganta shi da yanayin da yake zuwa, kamar zazzaɓin damina. Wani lokaci kuma akan raɗa wa ciwon suna daga alamar da ta fi fitowa fili: idan ido ya yi rawaya a ce shawara, idan wuya ya sanƙare a ce sanƙarau, idan ƙuraje suka feso wa yaro a ce ƙyanda ko baƙon dauro. Waɗannan sunaye shaida ne cewa magabata sun lura da marasa lafiyarsu da kyau. Sai dai akwai tambayar da lura da ido kaɗai ba ta iya amsawa: shin zazzaɓi shi ne cutar, ko kuwa ɗan aiken wata cuta ne da ke ɓoye? An shafe sama da shekara dubu biyu kafin a sami amsa, kuma tarihin neman amsar ya ratsa ta ƙasar Hausa fiye da sau ɗaya.

Zamanin da Aka Ɗauki Zazzaɓi Cuta Mai Zaman Kanta

Rubutaccen bayani kan zazzaɓi da ya fi tasiri a duniyar da ya fito ne daga likitocin Girka, musamman Hifokratis, wanda Larabawa ke kira Abuƙrat, da ya rayu a ƙarni na 5 zuwa na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi da almajiransa sun kasa zazzaɓi bisa yadda yake zuwa da tafiya: akwai mai zuwa kullum, akwai mai fashin kwana ɗaya, akwai mai fashin kwana biyu. Sun kuma lura cewa mazauna kusa da fadama sun fi fama da shi, kuma saifarsu kan kumbura. A ganinsu jikin mutum ya ginu ne a kan ruwaye huɗu, wato jini da majina da ruwan maɗaciya iri biyu, rawaya da baƙi, waɗanda littattafan Larabci ke kira safra'u da sauda'u. Lafiya ita ce daidaituwar waɗannan huɗu, zazzaɓi kuwa yana tasowa ne idan ɗayansu ya rinjaya ko ya ruɓe. Jalinus, wanda ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2 miladiyya, ya faɗaɗa wannan ra'ayi har ya zama abin koyarwa.

Ta hannun masu fassara irin su Hunainu ibn Ishaƙ na Bagadaza, wanda ya rasu a 873, ilmin ya shiga Larabci, kuma malaman da suka gaje shi sun ƙara nasu. Al-Razi ya rubuta littafi na musamman da ya bambanta agana da ƙyanda, cututtuka biyu da dukansu ke farawa da zazzaɓi. A Ƙairawan, cikin ƙasar Tunusiya ta yau, Ishaƙ al-Isra'ili ya keɓe wa zazzaɓi littafi sukutum. Ibn Sina, wanda ya kammala Al-Ƙanun a 1025, ya bayyana zazzaɓi a matsayin baƙon zafi da ke kunnuwa a zuciya, ya bi jijiyoyi ya game jiki. Irin wannan fahimta ta ruwayen jiki da zafi da sanyi ta tsallako Sahara tare da littattafai, kuma malaman ƙasar Hausa, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sun yi rubuce-rubuce a kan magani.

A Turai kuwa laifin ya koma kan iska. Mutanen Italiya sun ce gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo ciwon, daga nan aka sami kalmar maleriya, ma'anarta mummunar iska. Faransawa sun samo tasu kalmar daga sunan fadama a Latin, ita ce aka gajarce ta koma palu, wadda ake ji a bakin mutanen Nijar da Kamaru da Chadi. Sun ga alaƙa tsakanin ruwa kwance da zazzaɓi, abin da ya kuɓuce musu shi ne sauron da ke ƙyanƙyasa a cikin ruwan.

Magani Ya Riga Sani

Abin mamaki, an sami maganin zazzaɓin fadama tun kafin a san mafarinsa. A shekarun 1630 sassaƙen wani itace mai suna sinkona, daga duwatsun ƙasar Peru, ya isa Turai, aka tarar yana karya zazzaɓi mai fashi amma ba ya taɓa sauran. Wannan shi ne hasken farko da ya nuna cewa zazzaɓi ba abu ɗaya ba ne. A 1820 Faransawa biyu masu haɗa magunguna, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin da ke aiki a cikin sassaƙen, wato kwini.

A nan ne tarihin ya shafe mu kai tsaye. Turawan da suka fara shigowa Afirka ta Yamma ba su da garkuwar da ƴan ƙasa ke samu bayan sun sha fama da ciwon tun suna yara, saboda haka suka riƙa mutuwa tuli. A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku masu tururi cikin kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a ƴan watanni, tafiyar ta watse. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani Bajamushe mai suna J. F. Schön, wanda ɗaliban Hausa suka sani da littafinsa na kalmomin Hausa na 1843 da nahawunsa na 1862. Bayan shekara goma sha uku, a 1854, likita William Baikie ya jagoranci jirgin Pleiad ya hau Kwara ya shiga Binuwai, yana ba mutanensa kwini a kai a kai, ya kuma koma ba tare da ya rasa Bature ko ɗaya ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ba kwini kaɗai ya kawo mulkin mallaka ba, bindiga da jirgin ruwa sun yi nasu aikin, amma zazzaɓin da ya daɗe yana tsare ƙasar kamar ganuwa ya daina tsoratar da baƙi. Kafin rabin ƙarni ya cika, Damagaram ta faɗa hannun Faransawa a 1899, Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi a 1903.

Daga Taɓa Goshi Zuwa Lamba

Har zuwa ƙarni na 19, yawancin likitoci da tafin hannu da bugun jijiya suke gane zazzaɓi. Santorio na birnin Padua ya gwada auna zafin mutum da na'ura tun farkon ƙarni na 17, amma abin bai karɓu ba. Wanda ya sauya al'amarin shi ne Carl Wunderlich, likita a Leipzig ta ƙasar Jamus. Ya tattara awon marasa lafiya kimanin 25,000, ya buga sakamakon a 1868. Daga aikinsa aka sami lambobin da ake amfani da su har yau: digiri 37 a ma'aunin Salshiyos shi ne matsakaicin zafin mai lafiya, daga digiri 38 zuwa sama kuma zazzaɓi ne. Ma'auninsa dogo ne, sai ya yi kusan minti ashirin a hammata. A daidai wannan zamani Clifford Allbutt na Ingila ya ƙera gajeren ma'auni mai shiga aljihu, wanda ke gama awo cikin minti biyar.

Amfanin aikin Wunderlich ya wuce lambobi. Da ya zana hawa da saukar zafin kowane majinyaci a takarda, sai ya ga cututtuka dabam-dabam suna da salonsu. Na taifot yakan hau sannu a hankali kamar mai taka matakala, na ciwon huhu yakan tashi farat ɗaya, ya kuma sauka farat ɗaya. Tun daga nan likitoci suka fara karanta zazzaɓi kamar yadda mafarauci ke karanta sawu, don su gane wace dabba ce ta wuce.

Gano Masu Laifin

Shekaru ashirin na ƙarshen ƙarni na 19 su ne suka tona asirin dabbobin da suka bar sawun. Ranar 6 ga Nuwamba 1880, a asibitin soja na Constantine a Aljeriya, likita Alphonse Laveran ya duba jinin wani soja mai zazzaɓi a madubin ƙara girma, ya ga wata halitta tana motsi. Ita ce ƙwayar cutar maleriya. A wannan shekarar aka hango ƙwayar taifot, a 1882 Robert Koch ya gano ta tarin fuka, a 1887 kuma aka gano ta sanƙarau a birnin Biyana.

Camillo Golgi na Italiya ne ya warware tsohon kacici-kacin zazzaɓi mai fashi. A tsakiyar shekarun 1880 ya nuna cewa ƙwayoyin maleriya na shiga jajayen ƙwayoyin jini su hayayyafa, sa'an nan su fasa su a lokaci guda su fito, kuma a daidai lokacin fashewar ne rawar sanyi ke kama majinyaci. Wani jinsin yana ɗaukar awa 48 kafin ya kammala zagaye, wani awa 72. Ashe abin da Abuƙrat ya ƙidaya da kwanaki lissafin rayuwar wata halitta ne da bai taɓa gani ba. Saura hanyar shigarta jiki. Ranar 20 ga Agusta 1897, a Secunderabad ta Indiya, Ronald Ross ya sami ƙwayar a cikin tumbin sauro, kuma a 1898 Giovanni Grassi da abokan aikinsa suka tabbatar cewa macen sauro jinsin anofilis ce ke ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum.

Shawara ma sauro ne ke yaɗa ta, amma wani jinsi dabam. Carlos Finlay na ƙasar Kuba ya faɗi haka a 1881, ba a gaskata shi ba sai da Walter Reed ya tabbatar a 1900. Rigakafinta kuwa tushensa Afirka ta Yamma ne. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar Ghana ta yau, daga ƙwayar cutar da aka samu a jininsa Max Theiler ya sarrafa allurar da ta fito a 1937, wadda har yanzu ita ake yi wa matafiya da yara.

Yadda Jiki ke Hura Wutarsa

Ko da aka gano ƙwayoyin cuta, an ci gaba da zaton su ne ke ƙona jiki da dafinsu. A 1948 Paul Beeson na Amurka ya tatso wani sinadari daga fararen ƙwayoyin jinin zomo, ya ɗura wa lafiyayyen zomo, sai zazzaɓi ya kama shi alhali babu ƙwayar cuta a tare da shi. Wannan ya nuna jiki da kansa yake ƙera abin da ke ɗaga zafinsa. Binciken da ya biyo baya, musamman na Charles Dinarello a shekarun 1970 da 1980, ya gano sinadarin, aka sa masa suna intalukin-1, aka kuma gano yana da ƴan'uwa.

Ga yadda abin yake a fahimtar yau. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna haifotalamus, shi ne mai kula da zafin jiki, yana riƙe shi a kusa da digiri 37. Idan ƙwayar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini kan gane ta, su saki waɗancan sinadarai cikin jini a matsayin saƙo. Saƙon na isa ƙwaƙwalwa sai a samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, shi kuma ya sa mai kula da zafin ya ɗaga mizaninsa, a ce zuwa digiri 39. A wannan lokaci jiki yana nan a 37, amma ƙwaƙwalwa na ganin ya gaza abin da ake so, don haka mutum ya ji sanyi ko da rana ta take. Hanyoyin jinin fata su tsuke don kada zafi ya fita, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi, tsigar jiki ta tashi, tsoka ta kama makyarkyata don ta samar da zafi, majinyaci ya nemi bargo. Idan zafin ya kai sabon mizani sai rawar sanyi ta tsaya, jiki ya ɗauki zafi rau. Idan kuma cutar ta lafa, ko aka sha magani, mizanin ya koma 37, sai jiki ya ga ya yi zafi da yawa, hanyoyin jini su buɗe, zufa ta karyo. Shi ya sa masu jinya ke murna idan majinyaci ya yi gumi.

A 1971 John Vane na Ingila ya gano cewa asfirin, wanda ake sayarwa tun 1899 ba tare da an san yadda yake aiki ba, yana hana samar da furostagilandin ne. Farasitamol ma ta wannan fuskar yake sauko da zafi. Ke nan irin waɗannan magunguna suna mayar da mizani ne kawai, ba sa kashe ƙwayar cutar.

Shin zafin yana da amfani? Akwai hujjoji. A 1917 Julius Wagner-Jauregg na Biyana ya riƙa sa wa masu tunjeren da ya taɓa ƙwaƙwalwa maleriya da gangan, zafin ya raunana tunjeren, sa'an nan a kashe maleriyar da kwini. Dabara ce mai haɗari da ta halaka wasu, an kuma bar ta da zuwan fenisilin, amma ta ba shi lambar yabo ta Nobel a 1927. A 1975 Matthew Kluger ya nuna cewa wani jinsin ƙadangaren hamada, idan aka sa masa ƙwayar cuta, yakan nemi wuri mafi zafi, kuma waɗanda aka hana su ɗumi sun fi mutuwa. Zafi matsakaici yana ƙarfafa garkuwar jiki, yana kuma takura wa wasu ƙwayoyin cuta. Duk da haka yana da tsada: yana ƙarar da ruwan jiki, yana gajiyar da zuciya, kuma yakan jawo jijjiga ga wasu yara ƴan wata shida zuwa shekara biyar.

Zazzaɓi a Ƙasashenmu

Maleriyar da ta fi yawa a Afirka ta Yamma ita ce falsifarum, mafi kisa a cikin jinsunan, kuma sau da yawa zazzaɓinta ba ya bin ƙa'idar fashi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban gwaji a gundumar Garki, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa. An yi feshin gidaje, an raba wa jama'a magani, cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Darasin Garki shi ne cewa a irin yankinmu dabara ɗaya ba ta isa. Da ƙwayar cutar ta bijire wa kulorokwin, ceto ya zo daga Sin, inda Tu Youyou ta tace atimisinin a 1972 daga wani tsiro ɗan dangin tazargade. Tun 2012 aka fara ba da shawarar ba yaran Sahel maganin kariya wata-wata a lokacin damina, a 2021 kuma aka amince da allurar rigakafi ta farko. Duk da haka maleriya na kashe mutum kusan 600,000 a shekara, galibinsu ƙananan yaran Afirka, kuma Nijeriya da Nijar na cikin ƙasashen da suka fi asara.

Idan damina ta maleriya ce, rani na sanƙarau ne. A 1963 likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da annobar ke maimaituwa, wanda ya ratsa Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi har Sudan. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. A Disamba 2010 aka fara wata sabuwar allura a Burkina Faso da Mali da Nijar, wadda ta kusan kawar da jinsin da ya fi yin ɓarna, ko da yake wasu jinsunan sun ci gaba da ɓulla. Akwai kuma zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na Jihar Borno inda aka fara gane shi a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi. Ga taifot da ke bin gurɓataccen ruwa da abinci, ga ciwon huhu, ga ƙyanda, ga tarin fuka mai zazzaɓin yamma da zufar dare.

Kammalawa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da wannan dogon tarihi ya tabbatar ke nan. Zazzaɓi martanin jiki ne, a bayansa kuma akwai dalili, dalilan kuwa suna da yawa, kowanne da maganinsa. Amma har yau a garuruwanmu da zarar jiki ya yi zafi sai a ce maleriya ce, a sayi magani a shago a sha. Idan an dace, to. Idan kuwa sanƙarau ne ko taifot ko ciwon huhu, an ɓata kwanakin da ake iya ceton rai a cikinsu. Saboda haka ne tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, gwajin da ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa, sakamako ya fito cikin kimanin minti ashirin.

Mai jinya yana iya sauko da zafi, ya ba majinyaci ruwa da yawa, amma kada saukar zafin ta ruɗe shi ya ɗauka an warke. Zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata uku ba ko mace mai ciki, da zazzaɓin da ya zo tare da jijjiga ko sanƙarewar wuya ko numfashi da ƙyar ko zubar jini ko fita hayyaci, ko yaro ya kasa shan nono, duk ba abin jira ba ne har gari ya waye, asibiti ake nufa. Magabata da suka raba shawara da sanƙarau da ƙyanda sun riga sun fahimci cewa ba kowane zafin jiki ne iri ɗaya ba. Abin da aka ƙara a kan lurarsu shi ne ma'auni da madubi da gwajin jini, kuma ya rage gare mu mu yi amfani da su.